"Ban da Siyasa": Matsalar Tsaron Zaure a Dandalin Masu Fasaha na Intanet

Tsakure

Kusan kowane zauren masu fasaha da ke intanet, na masu zane ne ko na masu saƙa ko na marubuta, yana da doka ɗaya da ake liƙawa a bakin ƙofa: ban da siyasa. Wannan maƙala ta dubi yadda dokar take sukurkucewa da zarar ta haɗu da aikin fasaha, ta hanyar nazarin abin da ya faru a dandalin masu saƙa na Ravelry a 2019 da dandalin masu zane na ArtStation a 2022. Matsayar maƙalar ita ce, a wurin masu fasaha siyasa tana shiga aikin hannu tun kafin ta iso baki, saboda haka mai tsaron zaure ba zai iya yin hukunci a kan jigo ba, sai a kan abin da aka yi wa ɗan zaure. An kuma auna wannan matsaya da halin da zaurukan marubuta da mawaƙan Hausa suke ciki.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda aka taɓa saka shi a zauren marubuta ko na mawaƙa a WhatsApp ya san saƙon da ke tarbar baƙo. Bayan sallama da maraba sai jerin dokoki: ban da talla, ban da batsa, ban da jayayyar aƙida, ban da siyasa. Ta ƙarshen nan ita aka fi maimaitawa, ita kuma aka fi karyawa. Na yi shekaru ina riƙe da ɗaya daga cikin irin waɗannan zauruka a matsayin wanda 'yan zaure ke kira adimin. Ban taɓa korar kowa saboda talla ba, amma siyasa ta raba ni da mutanen da har gobe nake ganin girmansu. Shi ya sa na leƙa in ga yadda waɗanda suka fi mu yawan jama'a suka ƙare da tasu rigimar.

A wannan maƙala, mai tsaron zaure shi ne duk wanda ke da ikon goge saƙo, ko jan kunne, ko dakatarwa, ko kora, mai dandalin ne shi ko ɗan sa-kai. Masanin kafofin sadarwa Tarleton Gillespie ya nuna a littafinsa na 2018 cewa wannan aiki na tacewa shi ne ainihin hajar da kowane dandali ke sayarwa, domin ba don shi ba babu mai iya zama a wurin. Na yarda da shi. Abin da nake son ƙarawa shi ne, aikin ya fi tsanani a wurin masu fasaha, kuma akwai dalili.

2.0 Ravelry: hular da ta yi magana

An kafa Ravelry a 2007 a jihar Massachusetts ta Amurka, Jessica da Cassidy Forbes ne suka kafa shi. Wuri ne da masu saƙar ulu da masu kwarashi suke rubuta irin zaren da suke da shi, su ɗora hoton abin da suka saƙa, su kuma saya ko su sayar da tsarin saƙa, wato rubutaccen bayanin yadda ake fitar da riga ko hula ko safa. Zuwa 2019 masu rajista a cikinsa sun kai kimanin miliyan 8, akasarinsu mata, alhali ma'aikatan da ke tafiyar da shi ba su kai goma ba. Ƙananan zaurukan da ke ciki 'yan sa-kai ne ke tsaronsu. Ya kamata a riƙe wannan: ga mai tsara saƙa, Ravelry kasuwa ce. Wadda aka kora daga nan ba majalisar hira kaɗai ta rasa ba, rumfarta aka rufe.

Mai kallo daga nesa zai ce me ya haɗa saƙa da siyasa? Ai sun daɗe tare. Matan Amurka sun yi gangamin kaɗi da saƙa a shekarun 1760 don ƙaurace wa yadin Ingila. Gandhi ya mayar da kaɗin zare makamin neman 'yanci a Indiya. Matan Chile a zamanin mulkin Pinochet sun riƙa ɗinka labarin 'yan'uwansu da aka ɓatar a jikin ƙyallaye. Wani misalin kuma shi ne na ranar 21 ga Janairun 2017, kwana ɗaya bayan rantsar da Donald Trump, lokacin da mata suka cika titunan Washington da wasu birane sanye da saƙaƙƙiyar hula ruwan hoda mai kunnuwa irin na kyanwa. Sunan hular kansa martani ne ga wata kalmar batsa da aka ji Trump ya faɗa game da mata a wani faifai da ya fito a Oktoban 2016. Ravelry na cikin hanyoyin da tsarin saƙa hular ya bi ya bazu.

To, magoya bayan Trump ma suna da hannu, suna kuma da zare. Su ma sai suka fara ɗora nasu tsarin, har da huluna masu ɗauke da taken a gina katanga a iyakar Amurka da Meziko. A nan ne dokar "ban da siyasa" take rasa abin kamawa. Tsarin saƙa lissafi ne kawai: layi kaza, launi kaza a wuri kaza. Babu wadda ta yi jawabi. Amma idan aka bi lissafin aka gama, hular ce za ta yi jawabin a kan duk wanda ya sa ta. Idan an hana maganar siyasa an bar aikin, ba a hana komai ba. Idan kuwa an hana aikin, to an shiga gaya wa mai fasaha abin da zai ƙirƙira, a wurin da aka gina domin ƙirƙira.

Ranar 23 ga Yunin 2019 masu Ravelry suka yanke shawarar da ta shiga manyan jaridu: sun haramta nuna goyon baya ga Trump da gwamnatinsa, a rubuce ne ko a tsarin saƙa ko a hoton aiki. Dalilinsu shi ne, a ganinsu goyon bayan wannan gwamnati goyon baya ne ga aƙidar fifita farar fata, kuma ba za su iya cewa zaurensu na kowa ne ba alhali sun bar wannan a ciki. Sun faɗa da bakinsu cewa sun aro tsarin dokar daga RPG.net, wani dandalin masu wasannin kwaikwayo na kan tebur da ya yi irin ta a Oktoban 2018. Sharuɗɗan da suka biyo baya su ne aka fi mantawa da su. Sun ce mai goyon bayan Trump yana iya ci gaba da zama muddin bai furta a nan ba, ba za a hukunta kowa kan abin da ya faɗa a baya ba, ba a haramta ra'ayin 'yan mazan jiya ba, kuma an hana a ɗana wa mutum tarko don ya furta goyon bayansa a kore shi, an kuma hana tsokanar wanda ya yi shiru.

Ta fuskar doka babu abin da za a ce musu. Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ɗaure wa mai dandali ba, kuma sashe na 230 na dokar sadarwa ta 1996 ya ba masu dandali kariya idan suka cire abin da suke ganin bai dace ba. Tambayar ta hikima ce.

Abin da ya burge ni da dokar Ravelry shi ne rashin munafuncinta. Ba su ce su 'yan ba-ruwanmu ba ne. Sun ce ga inda muka tsaya, wanda ya ga zai iya ya zauna. Sun kuma gane abin da masu kiran a bar kowa ya faɗi ra'ayinsa suke tsallakewa: hular katanga ra'ayi ce a wurin wadda ta saƙa ta, amma a wurin 'yar zauren da iyayenta suka ƙetaro daga Meziko, cewa aka yi ba a son ganinta. Barin hular ma ɗaukar ɓangare ne. Sai dai dokar ta yi wa mutum kusan miliyan 63 da suka zaɓi Trump a 2016 kuɗin goro, ta karanta zuciyar kowannensu da fassara ɗaya. Ta kuma raba 'yan zaure gida biyu: mai shiga da hularsa a ka, da wanda sai ya cire tasa ya cusa a aljihu. Ina kyautata zaton ƙarancin ma'aikata na cikin abin da ya kai su ga haka, domin doka mai faɗi ta fi sauƙin zartarwa a kan miliyoyin mutane fiye da bin kowace rigima ana tantance wa ya fara. Sauƙin nan kuwa akwai wanda ya biya kuɗinsa.

3.0 Abin da ake asara idan an yi shiru

Magdalena Wojcieszak da Diana Mutz sun buga wani bincike a 2009 kan Amurkawa masu shiga zaurukan intanet. Sun gano cewa inda mutum ya fi cin karo da ra'ayin siyasar da ya saɓa wa nasa ba zaurukan siyasa ba ne, zaurukan sha'awa ne da na nishaɗi, inda siyasa ke faɗowa cikin hira ba da shiri ba. Dalilin a fili yake. Zauren siyasa mutum ya zaɓe shi ne saboda 'yan cikinsa irinsa ne. Zauren saƙa kuwa zare ne ya tara su, ba jam'iyya ba. Mu nan ba ma buƙatar dogon bayani, domin mun san teburin mai shayi: ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan suna zaune a benci ɗaya saboda shayin ne mai kyau, kuma a nan ne kaɗai ɗayansu zai saurari ɗayan har ya kai aya. Tun 1998 Nina Eliasoph ta nuna yadda ƙungiyoyin sa-kai da na nishaɗi a Amurka suke koya wa 'ya'yansu kauce wa maganar siyasa a bainar jama'a don gudun ɓacin rai, har damuwar da mutum ke faɗa a keɓe ta ɓace idan ya shiga taro. Ke nan duk lokacin da mai tsaron zauren fasaha ya toshe bakin kowa, yana rufe ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage ne inda masu saɓani ke haɗuwa da sauran mutunci a tsakaninsu.

4.0 ArtStation: idan rigimar da mai gida ake yi

Misali na biyu gajere ne amma ya fi ba ni tsoro. ArtStation dandali ne da masu zanen fina-finai da wasannin kwamfuta ke baje kolin aikinsu don kamfanoni su gani su ɗauke su aiki, kuma kamfanin Epic Games ya saye shi a 2021. A Disambar 2022 masu zane suka ga hotunan da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta haɗa sun fara hawa sahun gaba, alhali irin waɗannan manhajoji da ayyukan masu zane aka horar da su ba tare da an nemi izininsu ba. Sai suka yi bore da abin da suka iya: suka cika shafin farko da hoto ɗaya, haruffan AI a cikin jan da'ira an ja musu layi. Dandalin ya fito da wata alama da mai zane zai liƙa wa aikinsa don nuna bai yarda a yi horo da shi ba, wato nauyin ya koma kan mai zanen. Da boren ya ci gaba, sai aka shiga kawar da hotunan daga sahun gaba da sunan kiyaye ƙa'idojin amfani da dandalin. A Janairun 2023 masu zane uku, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai ƙarar kamfanonin Stability AI da Midjourney da DeviantArt kotu a Kalifoniya.

Babu jam'iyya a wannan rigima, babu zaɓe. Amma magana ce ta wa ya mallaki gumin wa, wa ke cin riba, wa ke da ta cewa, kuma ban san wata siyasa da ta wuce wannan ba. Ravelry ya ɗauki ɓangare ya faɗa. ArtStation yana da ɓangare a rigimar, sai ya kira abin da ya yi tsabtace shafi: ba cinya ba, ƙafar baya. Duk dokar da ta ce a tsaya kan fasaha kawai tana iya zama sandar da mai gida zai kori masu ƙorafi a kansa, kuma wannan ya shafi ƙaramin adimin kamar yadda ya shafi babban kamfani. Na sha ganin an kira sukar shugabannin ƙungiyar marubuta "kawo siyasa cikin zaure", alhali tambaya aka yi kan kuɗin ƙungiya.

5.0 Idan aka dawo gida

Abubuwa biyu sun sa lamarin zaurukan Hausa ya fi na Ravelry sarƙaƙiya.

Na farko harshen ne da adabinsa. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ƙarni na 20 ba ta rabuwa da siyasa. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu duk sun yi waƙa a fagen gwagwarmayar jam'iyyun NEPU da NPC, kuma ayyukansu muke koyarwa a jami'a. Zauren mawaƙan da ya ce ban da siyasa, da waɗannan magabata suna raye da su zai fara kora. Sannan muna da habaici da zambo da gugar zana, fasahohin da aka gina su domin a faɗi magana ba tare da an kama suna ba. Mawaƙi zai yi baiti goma kan kura da aka ba ajiyar nama, kowa a zauren ya san da wa ake, amma babu kalma ɗaya da doka za ta kama. Idan wani ya yi tsalle ya ce da gwaninsa ake, sai a ce masa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Hatta abin da ya faru da hular Ravelry muna da irinsa: jar hula a Kano ba ta buƙatar rubutu a jikinta, haka ma hular da aka yi wa alamar da Bola Tinubu ke sawa. Mai ɗinkin hula da ya ɗora hoton aikinsa a zauren masu sana'a, talla ya yi ko kamfe?

Na biyu inuwar hukuma. Mai Ravelry yana tsoron fushin 'yan zaure ne kawai. Adimin a Kano yana da wannan tsoron, yana kuma da na a wayi gari an ɗauki hoton saƙo an kai inda bai yi zato ba. Jihar na da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi a kan masu rubutu kafin a yi masa gyara a 2024. A Nuwambar 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 kowanne da tara da sharar harabar kotu saboda ɓata sunan gwamnan lokacin. Gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Saboda haka idan adimin ya ce ban da siyasa, sau da yawa ba zaman lafiyar zauren kaɗai yake nema ba, kansa yake karewa, kuma ban ga laifinsa ba. Ga kuma batun abinci: waƙar siyasa sana'a ce mai kawo kuɗi, kamar yadda kowa ya gani a rabuwar 'yan Kannywood tsakanin Buhari da Atiku a 2019. Wanda aka goge wa waƙar ɗan takara zai ce an taɓa masa tukunya, wanda aka bari zauren ya zama masa allon talla kyauta.

6.0 A kan me za a yi hukunci?

Tunda jigo ba ya kamuwa, abin da ya rage wa mai tsaron zaure shi ne ya dubi aikatau. Tambayar da na koma yi wa kaina ita ce: wannan saƙo, aiki ne aka kawo a duba, ko wani ɗan zaure aka nufa da cuta? Waƙar da ta soki gwamna aiki ce, a auna ta da ma'aunin waƙa. Zagin iyayen wanda ya yi ta ba sharhi ba ne. Fostar ɗan takara da aka turo ba tare da an taɓa ta da wata fasaha ba talla ce, ta faɗa ƙarƙashin dokar talla, ba sai an ƙirƙiro mata wata ba. Aikin da ya ce wata ƙabila ko wani addini ba su da wurin zama, ko da an tsara shi da kyau, ya nufi mutanen da ke zaune a zauren, kuma a nan ne nake ganin Ravelry ya hango gaskiya ko da ya yi wa dokarsa faɗi da yawa. Wannan ma'auni bai rage wa adimin aiki ba, ƙara masa ya yi, domin sai ya karanta ya yi tunani, kuma zai yi kuskure.

Saboda kuskuren ne ake buƙatar tsari. Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta nazarci al'ummomin da suka daɗe suna sarrafa makiyaya da ruwan noma na tarayya ba tare da sun lalata su ba. Cikin abin da ta gano akwai cewa waɗanda doka za ta hau kansu suna da hannu wajen yin ta, hukunci yana hawa ne mataki-mataki, kuma akwai hanyar sasanci mai sauƙi. Ƙa'idojin Santa Clara na 2018 sun nemi manyan dandali su riƙa sanar da mutum dalilin cire saƙonsa, su ba shi damar ɗaukaka ƙara. Wanda ya san yadda Sarkin Pawa ko Sarkin Maƙera ke sasanta 'yan sana'arsa ba zai ga baƙon abu a nan ba: a kira mutum gefe tukuna, a ja masa kunne a gaban dattawa, kora ita ce ta ƙarshe. WhatsApp ya ba adimin ikon goge saƙon kowa da ikon kulle zaure ya zama shi kaɗai ke magana, a zauren da zai iya ɗaukar mutum 1,024. Bai ba shi dattawa ba, sai ya nemo su da kansa.

Ana saura 'yan makonni zaɓen Fabrairun 2023, wani ɗan zaurenmu ya turo waƙa kan manomin da aka ba aron gona shekara takwas ya mayar da ita fako. Bai kama suna ba. Kafin sallar isha zauren ya rabu biyu, wasu na jinjina, wasu na cewa in goge ko su fita, har aka fara ambaton iyaye. Na bar waƙar, na goge saƙonnin zagin daga ɓangarorin biyu, na bi masu su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu dalili, na kulle zauren zuwa safe. Da na buɗe sai na ce duk mai magana kan waƙar ya yi ta kan kari da amsa-amo da sarrafa harshe. Wanda ya fi kowa matsa mini in goge ta shi ya fara nuna cewa karin ya karye a baiti na uku, mai waƙar ya duba ya ce gaskiya ne, ya gyara ya sake turowa. Duk da haka mutum biyu sun fita a ranar. Ɗayansu ya dawo bayan zaɓen gwamna. Ɗayan har yau idan na yi masa sallama alama tana nuna ya karanta, ba ya amsawa.